Nasiha Ga Masu Shirin Ritaya Da Ke Son Koyon Rubuta Manhaja

'Yan'uwana ma'aikata da kuka doshi shekara 60, ko kuka kusa cika shekara 35 a bakin aiki, idan akwai mai sha'awar koyon rubuta manhajar kwamfuta a cikinku, ina roƙonsa kada ya bari a sage masa gwiwa da maganar tsufa. Gemu ba ya hana ilimi. Masako Wakamiya, wata 'yar ƙasar Japan da ta yi aikin banki, sai wajajen lokacin ritayarta ta fara taɓa kwamfuta, kuma a shekarar 2017, tana da shekara 81, ta fitar da wani wasan wayar iPhone mai suna Hinadan, har kamfanin Apple ya gayyace ta taronsa na masu rubuta manhaja.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne dalilinta. Ta ga cewa wasannin waya an yi su ne domin matasa masu saurin yatsa, sai ta yi wa tsararrakinta nasu, a kan jera 'yan tsana na wani bikin gargajiyarsu. Hanyarku ke nan. Kamfanoni sun fi son ɗaukar matasa, kuma wanda ya ce muku kwas na wata uku zai sa ku fara karɓar albashi da dala, kuɗin giratutinku yake hari. Amma akawun da ya shekara talatin yana haɗa takardar albashi ya san inda lissafi ke karkacewa, malamar da ta sha raba dare tana tattara makin ɗalibai da jan biro ta san abin da ke cinye lokacin malamai, kuma wannan sani babu matashin da ya fito jami'a da shi. Wanda ya rubuta 'yar manhajar da za ta fitar da sakamakon jarrabawa, ko ta riƙe lissafin adashi da bashin shago, zai samu masu buƙata a unguwarsu.

Ku fara tun kuna karɓar albashi, kada ku jira takardar sallama. Ku ɗauki harshen rubuta manhaja guda ɗaya, ni dai Python nake ba da shawara saboda sauƙin karanta shi, ku ba shi awa guda kullum bayan sallar Asuba. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard da na freeCodeCamp kyauta ne a intanet, sai dai kuɗin data.

Wahalar da ta fi ciwon ido da ciwon baya ita ce ta ajiye girma. Wanda ya saba ana rusuna masa a ofis zai wuni yana neman kuskure, ashe alamar baka guda ce a rubutun manhajar ya manta bai rufe ba, kuma yaron da ya haifa ne zai nuna masa ita cikin minti biyu. Ranar da hakan ta faru, Alhaji, ka sa masa albarka, ka ce ya sake nuna maka a hankali, sannan ka rubuta gyaran da hannunka.