Rauta goma sha biyu, ina ruwanku da konfedireshan?

Waɗanda suka halarci zaman jiya sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. An ɗauko mutum daga Abuja, an biya masa jirgi da otal, ya zo Gombe ya leƙa kamfanin intanet da duka-duka rautocinsa (na'urorin da ke nuna wa saƙon intanet hanya) goma sha biyu ne, daga Tunfure zuwa Kumo da Bajoga, ya gyara zaman hula ya ce a raba su gida huɗu a yi konfedireshan, wato ƙananan cibiyoyi da 'yan waje ke gani kamar cibiya ɗaya. Sannu da ƙoƙari, yallaɓai. Jihar Gombe gaba ɗayanta ƙananan hukumomi 11 gare ta, kai kuma rauta 12 kake son yanka wa ƙananan hukumomi huɗu, kowace da ciyaman ɗinta da lambar AS ɗinta (lambar da ake gane cibiya da ita).

Rifilekta za a sa, jama'a, wato rautar da ke karɓar hanyoyi ta rarraba wa sauran. Guda biyu, a tashi.

Matsalar ai sananniya ce. A iBGP, wato ƙa'idar BGP da rautocin kamfani ɗaya ke sanar da juna hanyoyi da ita, hanyar da rauta ta ji daga 'yar uwarta ba ta isar da ita ga wata 'yar uwar, don haka dole kowace ta ƙulla da kowace. Rauta 12 haɗi 66 ke nan, in sun kai 30 ya zama 435. Babu mai musun cewa wannan ba ya ɗorewa. Tun 1996 aka fito da magani iri biyu, yau kuma takardun ƙa'idarsu su ne RFC 4456 na rifilekta da RFC 5065 na konfedireshan. Duka suna aiki, ban ce ɗaya haramun ba ne. Tambayar ita ce wanne yaran nan za su iya ɗauka ba tare da sun kwana a hanyar Bajoga ba.

Da rifilekta, ka zaɓi rauta biyu, sauran goman kowace ta ƙulla da su, su biyun kuma su ƙulla da juna. Haɗi 21 a maimakon 66. Rautar da ke ƙarƙashi ba ta ma san an mai da ita mabiyiya ba, a wajen rifilektan kaɗai ake faɗin haka. Ana iya mai da su ɗaya bayan ɗaya, sai an ga hanyoyi sun iso sannan a goge tsohon haɗin, kwastoma yana kallon ƙwallonsa bai san an yi ba. Maganar kada hanya ta riƙa zagaye kuwa, alamomin da rifilekta ke liƙa wa hanya, ORIGINATOR_ID da CLUSTER_LIST, sun gama da ita.

To konfedireshan fa? Kowace rauta sai an canja mata lambar AS. A rautar Cisco wannan na nufin a share BGP ɗin a sake rubutawa, haɗi ya faɗi, wayar ofis ta fara kuka. Abin dariyar ma, bayan ka sha wannan wahalar, cikin kowane ƙaramin gidan dokar kowa-da-kowa tana nan daram, da ya girma me za ka sa masa? Rifilekta! An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ya ce wai rifilekta yana ɓoye hanyoyi, wadda ya ga ta fi kyau kaɗai yake turawa. Gaskiya ne. Sai me? Ku 'yan kamfanin, ƙofofinku na fita intanet biyu ne kacal, dukkansu Legas suka nufa, wace hanya ce za a ɓoye muku? In abin ya dame ka, tun 2016 akwai RFC 7911 da ya ba da damar tura hanya fiye da ɗaya. Ya ce in rifilekta ya mutu fa? Shi ya sa aka ce biyu, a gini daban-daban, kowane da batirinsa. Ya kawo zancen hanyoyi su riƙa tsalle saboda MED (lambar da ke nuna ƙofar da aka fi so a bi), alhali wannan ciwon konfedireshan ma yana fama da shi.

Yanzu ba da wasa nake ba. Konfedireshan na da ranarsa: kamfanoni biyu sun haɗe, ko kamfani ya ratsa ƙasashe, kowane yanki da ma'aikatansa da dokokinsa. Ku injiniyoyinku uku ne, ɗaki ɗaya, fanka ɗaya. Gobe yallaɓai ya hau jirginsa, yaron da ya gama HND bara, wanda rautar MikroTik kawai ya taɓa riƙewa, shi za a tasa da tsakar dare ya warware abin da bai ƙulla ba. Shi nake tausayi, don shi za a zaga, wataƙila ma a riƙe masa albashi.

Kuma tunda an taɓo batir, wa ya ce BGP ne ke kashe mana intanet a garin nan? Masu aikin titi su tono waya su tsinke ta, injin ya tashi babu mai, batiran hasumiya sun kumbura tun zafin bara ba a canja ba. Har yau akwai kamfanin da kwafin saitin rautocinsa yana cikin WhatsApp ɗin wani da ya bar aiki.