Ƙaton kare mai son jiki a gidan Basakkwace

Masu sayen manyan karnukan nan na waje a Sakkwato, ku matso mu yi magana. Gadi kuke nema, na sani. Mai sayarwa ya nuna muku Boerboel ko Rottweiler yana haushi a keji, ku ƙirga kuɗi ku kawo gida. Abin da ba ya faɗa muku shi ne, dabbar nan ba ta iya zama nesa da ubangidanta. Boerboel a gonakin Afirka ta Kudu ya samo asali, aikinsa tsaron iyali yana cikinsu, kuma riƙaƙƙe yakan haura kilo 60.

Maƙwabcina yana da ɗaya. Da ya zauna kan tabarma bayan la'asar, karen zai zo ya jingina masa dukkan nauyinsa, ya ɗora haɓa a cinya, yawu na dalala kan farar shadda. In ya ture shi, ya koma ya kwanta masa bisa ƙafa. In ya tashi alwala, ya bi shi har bakin makewayi ya tsaya jira. Uwargida kuwa tun daga ɗaki take kira: "Alhaji, don Allah ka hidda karen ga, yara na son hita!"

Wasu za su ce ai najasa ce. A mazhabar Imam Malik da muke bi, kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai bin umarni ne. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare don gadi. Amma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare yana nan, kuma babu wanda zai so ya shiga sahu da gashin kare a riga. Saboda haka ɗaki da darduma ba wurinsa ba ne, ban ja da wannan ba.

Inda nake ja shi ne abin da ke biyo baya. Mutum ya gaji da naci, sai ya sa sarƙa ya ɗaure shi bayan gida ƙarƙashin kwano, a Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Kare ba ya zufa irin tamu, haki ne ke sanyaya shi. (Masu kawo karen Caucasian mai gashin ƙasar ƙanƙara cikin wannan rana, Allah Ya shirye ku.) Karen da aka hana mutane yakan koma kukan dare da tauna duk abin da ya samu, wani har ya fara cizo, kuma sau da yawa yaron gida ko almajiri mai kai masa abinci ne ke fara sha.

In ka riga ka saya, ware tsohuwar riga ta zama da shi, ka ba shi lokaci da safe da yamma a tsakar gida, ka koya masa inda iyakarsa take tun yana kwikwiyo. Inuwa da ruwa kada su yanke, a duba kaska, a yi allurar ciwon hauka duk shekara. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ba sai ka je Kaduna ba.

In ba ka saya ba tukuna, je ka ga 'yan farauta ko Buzaye masu siririn karen Azawak. Nasu ya san zafin nan, kuma buhun abincinsa ba zai kori na yara ba.