Daƙiƙa goma a wurin kamu

Manhajar ba ta yi laifi ba, gara in faɗa tun yanzu. Abin da na sa ta shi ta yi, kuma ta yi shi da kyau.

Kamu ne a Kano, ni ne DJ. Tun la'asar ban sa komai a cikina ba, sai ga ƙamshin farfesu yana tasowa daga bayan rumfa. Na ce bari in bar wa laftof aikin na minti goma. A Mixxx, manhajar haɗa kiɗa da nake aiki da ita, akwai Auto DJ: ka jera waƙoƙi, ka rubuta daƙiƙa nawa kake so sauyi ya ɗauka, shi zai riƙa jan kurosfeda, wato abin da ake ja a sauya daga waƙa zuwa waƙa, da kansa, mai fita tana sauka, mai shigowa tana hawa. Na rubuta 10. Na zaɓi tsarin da ke tsallake shirun farko da na ƙarshen waƙa, wato duk abin da ya gaza desibel 60 ƙasa da sifili (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), don kada fili ya mutu.

Sauyin farko na tsaya na saurara, sai na ji rami a tsakiya. Dalilin lissafi ne. In kurosfeda na tafiya a miƙe, a daƙiƙa ta biyar kowace waƙa tana kan rabin ƙarfinta, desibel 6 ke nan ƙasa. Waƙoƙi biyu da ba su da alaƙa in sun haɗu a haka ba sa cike gurbi, jimillarsu na sauka da kusan desibel 3, kunne ya ji kamar janareta ya ja numfashi. Na shiga saiti na mayar da lanƙwasar kurosfeda, wato yadda take rage waƙa ɗaya tana ƙara ɗayar, zuwa mai riƙe ƙarfi daidai, inda kowace waƙa ke sauka da desibel 3 kawai a tsakiya. Rami ya cike.

Sauyi na biyu kuma wata matsalar ce. Mai fita bugunta 100 ne a minti, mai shigowa 125. Auto DJ ba ruwansa da wannan, agogo yake kallo. Daƙiƙa goma kiɗa biyu suna karo kamar dawakin hawan sallah sun tsinke, ƙawayen amarya suka tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Na sake jera waƙoƙin yadda maƙwabta ba za su bambanta da fiye da bugu biyar ko shida ba. In tazarar ta yi yawa, gara ka rage sauyin zuwa daƙiƙa 2 ko 3 a wuce wurin da sauri.

Komai ya zauna. Na ce wa yarona kada ya taɓa komai, na bi ƙamshi.

Abin da ban duba ba shi ne sunayen fayilolin da ke cikin jerin. Ƙawayen amarya ta WhatsApp suka turo min waƙoƙinsu, ni kuma da daddare na kwashe duk sautin makon daga waya zuwa laftof ina gyangyaɗi. Waƙar da aka turo sunanta na farawa da AUD, saƙon murya kuma da PTT. Ɗaya mai PTT ya bi ayari.

Ina tsotsar ƙashi na ji kiɗa na sauka a hankali, cikin ladabi, wata murya na hawa. Har na ce a raina wannan MC ya iya shigowa. Sai na ji muryar ta yi min kama da wadda na sani.

"...wallahi Hajiyar nan ta fi ƙarfina. Dubu goma ta zaftare min, ga sarƙar gwal a wuya kamar ta ɗaure rago..."

Ni ne. Saƙon da na tura wa abokina ranar da muka gama ciniki da uwar amarya. Da raɗa na yi shi, amma manhajar tana auna ƙarfin kowane fayil ta daidaita shi da sauran, mai rauni ta ɗaga shi. Raɗata ta fito ta sifika huɗu tangaran, ko a rediyo ban taɓa jin muryata da daɗi haka ba.

Na tsallake kujeru biyu da kular zoɓo. Yarona na tsaye, hannu a baya.

"Oga, kai ka ce kada in taɓa."

A nan na tafka ta biyu. Abin yi shi ne ka ja fedar layin, wato abin rage sautin waƙar da ke kan yi, zuwa ƙasa, ko ka rufe babban sauti a mikisa, rabin daƙiƙa an gama. Ni kuwa maɓallin wucewa waƙa ta gaba na danna. Shi kuma ba ya yankewa, sauyi yake farawa, na daƙiƙa goman nan da na rubuta da hannuna. Na tsaya ina kallon kurosfeda na rarrafe a allo, muryata na sauka sannu a hankali, ba rami ko kaɗan tunda na gyara lanƙwasa, har aka ji inda na ce abincin ma ƙila a ƙirga nama.

Ga ni da ƙashi a hannu.

Hajiya ta ɗaga yatsa ta yafito ni tsakiyar fili. Na durƙusa.

"Ranki ya daɗe, na'ura ce..."

"Na'ura ce ta ga sarƙata? Tashi, ɗan nan."

Ta buɗe jaka ta fito da bandir ɗin 'yan ɗari-ɗari, ta ce a sa kiɗa. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa liƙa min a goshi, ƙawayenta na ƙirgawa da ƙarfi, masu waya na ɗauka. Da muka kai dubu uku na ce ranki ya daɗe ya isa haka, na yafe sauran.

Ta ce, "A'a. A hankali za mu sauka, kamar yadda na'urarka take yi."