Tauraro ba ya mutuwa sau biyu

Wai har yanzu bidiyon nan ake ta turo min, mutum ya hakimce yana cewa an gama gano sirrin FRB, wato walƙiyar siginar rediyon nan mai saurin wucewa da ke zuwa daga can nesa a sararin samaniya, wai fashewar tauraro ce kawai, supanoba, a rufe littafi. To sannu gwanin taurari, Allah ya ƙara basira. Ashe tun 2007 da Duncan Lorimer da ɗalibinsa suka tono na farko cikin tsofaffin bayanan Parkes, na'urar kama siginar rediyo daga sararin samaniya da ke Ostireliya, kai kaɗai masana suke jira.

Jama'a tauraro sau ɗaya yake fashewa. Sau ɗaya! In ya tarwatse shi ke nan. To wani da ake kira FRB 121102 da na'urar Arecibo ta kama a 2012, a 2016 aka sanar cewa yana maimaituwa daga wuri guda, kuma a 2019 na'urar FAST ta Sin ta ƙirga masa walƙiya 1,652 cikin kwana 47, don Allah wane tauraro ne ya mutu sau dubu da ɗari shida?

Na san za a ce ai akwai alaƙa. Eh akwai, wa ya musa? Supanoba kan bar dunƙulallen ragowar tauraron, wato tauraron nutron, wani lokaci mai maganaɗisu na fitar hankali, shi ake kira magnetar, kuma ranar 28 ga Afrilu 2020 na'urorin CHIME a Kanada da STARE2 a Amurka suka kama irin wannan siginar daga wani magnetar mai suna SGR 1935+2154, a nan cikin Milky Way, tarin taurarin da duniyarmu ke ciki. Amma abin da fashewar ta bari ne ya yi tsawar, bayan dubban shekaru. Kuma ko hakan bai rufe maganar ba, tunda an samu wani FRB mai maimaituwa a wani tarin taurari da ake kira M81, cikin curin tsofaffin taurari, inda manyan da za su iya irin wannan fashewa suka ƙare tuntuni.

Wallahi abin da ke min ciwo, gaskiyar ta fi ƙaryar daɗi. Walƙiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, ta fitar da ƙarfin da rana ke fitarwa cikin kwanaki, ta yi tafiyar biliyoyin shekaru ta iso mu, kai kuma ka taƙaita ta a sakan talatin saboda layik.

Af, masu cewa aliyan ne ban manta da ku ba. A Parkes ɗin nan an yi shekaru ana kama wata sigina mai kama da FRB, sai 2015 aka gano ma'aikata ne ke buɗe maikurowef kafin ya tsaya. Ni dai zan so in san wanda ya kasa jira abincinsa ya yi zafi.