Ƙimar X a Jumlolin Sharaɗi: Yadda Na Koya a Gida da Yadda Na Tarar a Nan

Lokacin da nake koyon tsara da'irorin lantarki a gida, kusan duk aikinmu a kan allunan FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irarsa, muke yin sa, kuma a irin wannan allo rijista, wato ƙaramar ma'ajiyar ƙima a cikin da'ira, tana farkawa da ƙimar da aka ɗora mata yayin lodin tsari, wadda galibi sifili ce. Saboda haka idan muka ga sigina ta yi ja a taswirar gwaji, wato tana ɗauke da X, ƙimar da ba a san ko 0 ce ko 1 ba, mukan ɗauke ta a matsayin ƙurar farkon kwaikwayo wadda za ta lafa da kanta. Sai da na bar gida na fara aikin tabbatar da da'irorin da ake bugawa a silikon na gane cewa a nan rijistar da ba a yi mata riset ba, wato ba a mayar da ita sananniyar ƙimar farko ba, tana iya tashi da 0 ko 1, babu mai iya faɗin wanne, kuma kuskuren da ya tsallake gwaji ba ya gyaruwa da sabon lodi. Ra'ayina shi ne duk jumlar tabbatarwa (assertion, mai duba ko da'ira tana bin ƙa'idarta) da ba ta bayyana abin da za ta yi idan ta ci karo da X ba, ba a gama rubuta ta ba.

Harshen Verilog na zayyana da'irori, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta daidaita a 1995 da lamba 1364, da magajinsa SystemVerilog na 2005 mai lamba 1800, suna aiki da ƙimomi huɗu: 0, 1, Z ga layin da babu mai tura masa wuta, da X ga abin da manhajar kwaikwayo ba ta sani ba. Matsalar tana cikin yadda if ke karanta sharaɗi. Idan sharaɗin ya fito X, harshen yana ɗaukarsa ƙarya ne, ya shiga reshen else ba tare da ko gargaɗi ba. Alamomin kwatanci == da != kuma suna ba da X duk lokacin da bit ɗin da ba a san ƙimarsa ba ya sa amsar ta zama abin shakka. Don haka mai gwajin da ya rubuta cewa idan a != b a buga kuskure, ya gina mai gadin da ke yin shiru daidai lokacin da a ta lalace gaba ɗaya. Wanda kuma ya rubuta assert nan take a kan a == b zai ga gazawa, domin X ba gaskiya ba ce a wurin assert. Niyyarsu ɗaya, amma sakamakonsu ya saɓa, kuma bambancin kawai shi ne ɓangaren da X ta faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne jumlolin da ke bin bugun agogo, masu siffar “idan wannan ya faru, to wancan ya biyo baya” da alamar |->. Idan sharaɗin gaba, wato ɓangaren “idan wannan ya faru”, ya zama X, ana ɗaukarsa bai cika ba, jumlar kuma ta yi nasara ta fanko, wato ta wuce ba tare da ta duba komai ba. Na taɓa shafe kwanaki ina bin wani kuskure da ya bayyana a kwaikwayon matakin ƙofofi, daga baya na tarar siginar valid, mai nuna cewa bayanan da ke kan layi ingantattu ne, ta daɗe tana X bayan riset a gwajin matakin rijista, duk jumlolin da suka dogara da ita kuma sun yi ta nuna nasara. Babu wanda ya yi ƙarya a rahoton. Harshen ya yi daidai abin da ma'auninsa ya ce, mu ne ba mu tambaye shi tambayar da ta dace ba.

Maganin ba shi da wahala. Kowace siginar sarrafawa, irin su valid da ready da zaɓin maltifileksa da matsayin injin jihohi, ta samu tata jumlar da ke amfani da $isunknown domin tabbatar da cewa bayan riset ba ta ɗauke da X ko Z. A cikin lambar gwaji a kwatanta da === da !==, waɗanda ke duba ƙimomin huɗu kai tsaye kuma amsarsu 0 ce ko 1 kullum. Amma ba na goyon bayan masu watsa wannan dubawa a kan kowane layi, domin layin bayanai yana da ikon zama X muddin valid tana 0, kuma ƙararrawar da ke kaɗawa ba dalili ita ce ta farko da mutane ke kashewa. A duba bayanai a lokacin da valid ta tabbata 1. A kuma guji casex, wadda ke ɗaukar X a matsayin “ba komai” har a cikin siginar da ake dubawa, tare da lura cewa zuba sigina cikin nau'in bit ko int mai ƙima biyu yana mayar da X sifili a ɓoye.

Wasu abokan aikina a nan sun fi son barin nauyin ga manhaja. Manyan manhajojin kwaikwayo suna da zaɓin da ke sa if ta gwada rassa biyu ta haɗa sakamakonsu, kamar yadda alamar ?: ke yi tun asali, inda bit ɗin da ya yi daidai a ɓangarorin biyu ke tsayawa, wanda ya bambanta ya zama X. Wasu kuma suna amfani da manhajar kwaikwayo ta Verilator mai ƙima biyu, su cika rijistoci da ƙimomin bazata a farkon kowane gwaji. Duka hanyoyin suna da amfani, ina kuma aiki da su, sai dai zaɓin manhaja abu ne da ake iya mantawa a kunna, alhali jumlar da aka rubuta tana tafiya tare da zanen duk inda aka kai shi. Masu VHDL, wani harshen zayyana da'irori, ma ba su tsira ba, ko da yake ma'auninsu na 1164 yana da ƙimomi tara har da U ga abin da ba a taɓa ba wa ƙima ba: kwatanta X da '1' a cikin if ƙarya yake bayarwa, shi ya sa suke da Is_X.

Da zan koma ajin da na fara, ba zan canza allunan FPGA ba, domin sun koya mini da yawa. Zan dai ƙara atisaye guda: ɗalibi ya cire riset daga rijista ɗaya da gangan, ya ga dukkan jumlolinsa sun wuce, sannan ya ƙara $isunknown da cover, mai ƙirga sau nawa sharaɗi ya cika, a kan sharaɗin gaba, ya ƙirga sau nawa kowace jumla ta duba wani abu da gaske.