Kiɗa mai sanyi ma da masu shi, a daina cewa inji zai iya

Tun da labarin The Velvet Sundown ya fashe a tsakiyar 2025 nake jin wata magana tana yawo, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci. Kun dai san zancen, ƙungiyar makaɗan nan da ta tara masu saurare sama da miliyan ɗaya a wata a manhajar sauraron kiɗa ta Spotify, daga baya asiri ya tonu cewa babu mutum ko ɗaya a cikinta, da fuskokin da muryoyin da kiɗan duk ƙirƙirarriyar basira ta AI ce ta haɗa su. Yaudarar ma ba ta ƙona min rai ba kamar yadda mutane suka karɓi abin. Wai to meye a ciki, ai irin wannan kiɗa mai sanyi dama ba saurararsa ake yi ba, kunnawa kawai ake a yi karatu ko a yi barci, mutum ya yi ko inji ya yi duk ɗaya ne. Wannan maganar ita nake so mu zauna a kanta, domin ƙarya ce, kuma masu cin riba da ita sun fi kowa sanin ƙarya ce.

Abin kuma ya wuce ƙungiya ɗaya. Deezer, manhajar kiɗa ta Faransa, ta ce a watan Afrilun 2025 waƙoƙin da inji ya yi zalla da ake loda mata sun kai 20,000 a rana, kafin Nuwamba sun kai wajen 50,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ke shigo mata kenan. Spotify da bakinsa ya ce a watan Satumba ya goge waƙoƙin bogi miliyan 75 cikin shekara guda. Amma ni abin da nake so a lura da shi, tun kafin inji ya iya tsara ko baiti ɗaya an riga an karya darajar kiɗan sanyi a kasuwa. A 2024 jaridar Dagens Nyheter ta Sweden ta bankaɗo wani makaɗi ɗaya tilo, Johan Röhr, da ya saki kiɗe-kiɗe sama da 2,700 da sunaye fiye da 650, yawanci taushin fiyano ne da ke cikin jerin waƙoƙin hutu da na barci, an kuma saurare su sau biliyan 15. 'Yar jarida Liz Pelly ta fito da littafi a farkon 2025 ta nuna yadda ake cika irin waɗannan jerin da kiɗa mai araha da wasu kamfanoni ke samarwa a sari. Spotify dai ya sha musanta cewa shi ke ƙirƙirar mawaƙan bogi, toh mun ji, amma jerin suna nan kowa na iya buɗewa ya duba sunayen, ya nemi ko mutum ɗaya da zai iya cewa ya taɓa ganinsu a kan dandamali.

To ni kuwa duk wanda ya ce min kiɗan sanyi ba shi da mai shi, wajen Air nake tura shi. Faransawa ne su biyu daga garin Versailles kusa da Paris, Nicolas Godin wanda ya karanta zanen gine-gine da Jean-Benoît Dunckel wanda ya karanta lissafi har ya taɓa koyarwa. A watan Janairun 1998 suka saki kundinsu na farko mai suna Moon Safari, a lokacin da kiɗan lantarki na Faransa ya shahara da duka da rawa a gidajen casu, shekara guda kenan da fitowar kundin farko na Daft Punk, fitattun masu irin wannan kiɗan rawa a Faransa. Su sai suka bi wata hanya daban, suka rage gudu, suka sassauta ganga, suka bar sarari a cikin kiɗan.

Dan Allah wanda bai taɓa ji ba ya nemi kiɗan farko na kundin, La femme d'argent, ya sa iyafis ya ba shi minti bakwai ɗinsa cif. Da ƙarar ruwa yake farawa da ɗan kiɗan ganga ta hannu, sai jitar bes ta shigo da wani zagaye da take maimaitawa, kuma ita ce ke riƙe da kiɗan har ƙarshe, sai fiyanon lantarki ya hau kai a hankali kamar ba ya so ya tashi kowa. Babu baiti ko ɗaya. Za ka ɗauka a haka zai ƙare, amma yana tafiya ana ƙara abu ɗaya bayan ɗaya, tafi, wata 'yar murya can baya wadda ba kalma take furtawa ba, har can kusa da ƙarshe na'urar Moog ta ɗauka da wani kuka mai kaifi, kafin ka ankara kiɗan da ka kunna don ka huta ya sa ka gyara zama. Wani ne ya zauna ya yanke shawarar a wane daƙiƙa tafin zai shigo, wani ne ya haƙura bai sa Moog ɗin tun a minti na biyu ba. Wannan haƙurin shi ne sana'ar gaba ɗaya, kuma wallahi ya fi cika kiɗa da hayaniya wuya, domin idan ganga na duka da ƙarfi kuskure na ɓuya, idan kuwa kiɗa ya yi sanyi komai a fili yake, yatsa ɗaya ya sauka ba daidai ba kowa zai ji.

Ni kaina a irin daren da zafi ya hana barci, ba wuta, unguwa ta yi tsit bayan an kashe janareto, shi nake kunnawa, kuma har yau nakan tsinci wani ɗan sauti da ban lura da shi ba a baya. Jerin waƙoƙin barcin nan kuwa an tsara su ne don kar ka tsinci komai, don kar ma ka ɗaga waya ka duba sunan mai kiɗan.

Na san abin da za a ce, ai su Air ɗin ma da na'ura suka yi, meye bambancinsu da AI. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi saboda tana kama da mai ma'ana alhali babu komai a cikinta. Na'urorin da suka yi aiki da su, Moog da Korg MS-20 da fiyanon Rhodes da abin nan mai sauya murya ta koma kamar ta mutum-mutumi, tsofaffin kaya ne na shekarun 1970 da a lokacin mutane da yawa sun yi watsi da su sun koma kan sababbi. Kayan kiɗa ne kamar goge ko kalangu, idan ba ka taɓa su ba shiru za su yi, sai ka murɗa nan ka danna can da hannunka kafin sauti ya fito, kuma sautin da ya fito yau ba lallai gobe ka sake samun irinsa ba. Sun kawo Beth Hirsch, Ba'amurkiya, ta rera waƙoƙi biyu a kundin da muryarta ta Allah da Annabi, sun nemi dattijo Jean-Jacques Perrey wanda tun shekarun 1960 yake wannan harka suka yi aiki tare. Hula ɗinkin hannu ma da allura ake yinta, allurar ba ta mayar da ita ta inji ba. Wanda ya rubuta wa kwamfuta layi biyu ta zubo masa kiɗa ɗari kafin shayinsa ya huce bai yi abin da waɗannan mutane suka yi ba, ko kusa.

Kuma idan da gaske wannan kiɗa na bango ne da ba wanda ya damu da mai shi, a gaya min me ya kai dubban mutane su sayi tikiti a 2024, shekara 26 bayan fitowar kundin, su cika Royal Albert Hall a Landan da Sydney Opera House a Ostareliya don kawai su ga mutum biyu da mai ganga ɗaya, sanye da fararen kaya cikin wani farin akwati da aka gina a kan dandamali, suna buga kundin daga farko har ƙarshe. Me ya sa da Faransa ta tashi rufe gasar Olympics ta Paris ranar 11 ga Agustan 2024 ta fito da su a filin Stade de France tare da ƙungiyar makaɗa ta Phoenix, 'yan garinsu. Ba a gayyatar kiɗan bango wajen irin wannan taro.

Masu ɗan karatu a cikin masu cewa kiɗan bango ne sukan jawo sunan Brian Eno, makaɗin nan ɗan Ingila, wai ai shi da ya raɗa wa irin wannan kiɗa suna a 1978 da kansa ya ce kiɗa ne da za a iya yin biris da shi. Rabin maganar suka ɗauka. Abin da mutumin ya ce shi ne kiɗan ya zama za ka iya ƙyale shi, kuma daidai gwargwadon haka idan ka saurara ya riƙe ka. Kamfanoni sun riƙe rabin farko saboda shi ke kawo kuɗi, rabi na biyu kuwa da ke buƙatar a biya ƙwararre sun jefar.

Kar kuma wani ya ce wannan rigimar Turawa ce ba ta shafe mu ba. A Yamai, a shekarar 1978 ɗin nan dai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa da ogan ɗin lantarki, sanyi ƙalau, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiya yana mayar da su cikin na'ura. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, mutane suka tashi da shi a kunne, wato shi ma kiɗan bango aka mayar da shi. Sai a 2013 da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta waiwayo, aka fara gayyatarsa Turai yana wasa. Da a ce a wancan zamani akwai injin da zai zubo wa gidan rediyo kiɗan cike gurbi kyauta, wa zai nemi Mamman Sani, me kuma za a tono bayan shekara 35? Yaran da ke zaune a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos suna haɗa kiɗan fiyano na fim da na talla da na bayan labari su ne farkon waɗanda wannan guguwa za ta share, saboda aikinsu ne ake cewa ai ba wanda ke saurara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai kuma masu kawo binciken nan da Deezer da kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Ipsos suka yi, wai kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kasa bambance waƙar inji da ta mutum, saboda haka magana ta ƙare. Jabun kuɗi ma ai sai ya yi kama da na gaske ake iya kashe shi, kamannin bai taɓa halatta shi ba. Injin kuma a ina ya koyi kamannin, in ba daga kundayen mutane irin su Air da ya haɗiye ba, abin da ya sa manyan kamfanonin waƙa suka maka Suno da Udio, kamfanonin da ke haɗa waƙa da AI, a kotu a watan Yunin 2024 kenan. Masu cewa kiɗan sanyi na ragwaye ne ko na masu kuɗin da ba su da damuwa kuwa ba zan ɓata lokaci a kansu ba, wanda ya wuni cikin rana da cunkoso da hon ɗin 'yan adaidaita shi ya fi kowa buƙatarsa.

Gaskiyar zancen kuɗi ne, kuma lissafin ba shi da wuya. A Spotify da zarar an saurari waƙa daƙiƙa 30 an ƙirga ta, kuɗin masu biyan wata-wata kuma tukunya ɗaya ake zuba su a raba gwargwadon yawan saurare. To ka ɗauki mutum ya kunna jerin waƙoƙin barci ƙarfe goma na dare ya yi ta juyawa har asuba, kowane kiɗa minti biyu, shi yana minshari ana ta ƙirga ɗaruruwa. Shi kuwa kiɗan minti bakwai da ka zauna ka saurara da hankalinka ɗaya tak za a rubuta masa. Wannan tsarin da kansa yake cewa a yi gajere, a yi da yawa, a yi marar fuska, kuma ba abin da ya iya wannan kamar inji. Tun daga 2024 ma kiɗan da bai kai saurare 1,000 a shekara ba ko sisi ba a biyansa, wato ƙaramin makaɗi na gaske da ke da masoya ɗari biyu an cire shi daga rabo, mai zubo dubbai a rana kuwa ko kaɗan daga ciki suka ci ya ci riba. Haba, wannan wane irin adalci ne?

Ba na cewa a hana kowa wasa da AI, wanda yake so ya ji kiɗan inji ya ji abinsa. Amma a rubuta a jiki ƙarara cewa inji ne ya yi, kamar yadda Deezer ta fara yi tun tsakiyar 2025 tana kuma cire su daga abin da take tallata wa mutane, kuma dole ya zama, ba wai a bar wa mai lodawa ya faɗa in ya ga dama ba. Sannan a gyara rabon, kuɗin da na biya ya tafi wajen waɗanda ni na saurara, manhajar kiɗa ta SoundCloud ta fara gwada haka tun 2021 kuma sama ba ta faɗo ba. Sauran manyan sun san da wannan tsarin sarai, ƙin yi kawai suka yi, saboda kiɗan da ba shi da mai shi ba ya zuwa neman haƙƙinsa.