Makomar wanda ya mutu bai bi Yesu ba: amsar gida da shirun Ingila

Kusan kowane Kirista ɗan Arewa yana ɗauke da wata tambaya a ciki, ko da bai taɓa furta ta ba: ina kakana yake yanzu? Yawancinmu ba mu wuce tsara biyu ko uku a cikin bangaskiya ba. Kakanninmu sun rasu ba su ji sunan Yesu ba, ko sun ji shi sama-sama. Wasunmu kuwa iyayensu da kawunnansu da abokan da suka tashi tare Musulmi ne. Idan mai wa'azi ya ce "marasa bi", mu fuskoki muke gani, wasu ma hotunansu na cikin wayoyinmu.

Amsar da aka ba mu a gida gajera ce, babu kwana-kwana. Yohanna 14:6 ta ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurin Yesu. Ayyukan Manzanni 4:12 ta ce ba wani suna da aka bayar don ceto. Ibraniyawa 9:27 ta ce mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a. Aka haɗa ukun aka yanke cewa duk wanda bai karɓi Yesu da bakinsa kafin numfashinsa ya tsaya ba, wuta ce makomarsa har abada. Ba na raina wannan amsa. Ita ce ta taso da masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893 da nufin shiga ƙasashenmu, biyun farko suka mutu a shekarar da ta biyo, Bingham kaɗai ya koma da rai. Mutum ba ya sayar da ransa haka kan abin da yake ɗauka wasa. Kuma ba Turawa kaɗai suka riƙe ta ba. Byang Kato, babban malamin tauhidi na ECWA, ya yi kashedi mai zafi a littafinsa na 1975 cewa koyarwar "kowa zai tsira" tana lallaɓowa cikin ikkilisiyar Afirka, ya kuma ja da malamai irin su John Mbiti da Bolaji Idowu kan matsayin da suke ba addinan gargajiya. Shekara guda kafin nan, babban taron masu bishara na Lausanne ya tsaya a kan cewa ba ceto sai ta wurin Almasihu.

Da na zo Ingila sai na tarar an kashe zancen gaba ɗaya. Na je jana'izar wani maƙwabcina, dattijo mai kirki wanda yakan gaya mini a fili, yana dariya, cewa shi bai yarda akwai Allah ba. A coci aka yi hidimar. Limamin ya yi magana kan son da marigayin ke yi wa lambunsa da jikokinsa, ya ce yanzu ya huta, aka rera waƙa, aka watse. Ba a ambaci tuba ba, ba a ambaci shari'a ba, gicciyen ma yana rataye ne a bango kawai. Na zauna ina tunanin cewa da mamacin zai ɗago kai, shi ne zai fara cewa ba da shi ba.

Amma kada a ɗauka duk sakaci ne. A bayan wannan shiru akwai muhawara ta gaske da malamai suka yi. A 1988 John Stott, limamin Cocin Ingila wanda shi ne kan gaba wajen tsara yarjejeniyar taron Lausanne ɗin nan, ya bayyana cewa ya karkata ga ra'ayin cewa ƙarshen mugaye hallaka ce, su daina kasancewa, maimakon azaba marar iyaka. Ya faɗe shi da taka-tsantsan, duk da haka ya sha suka daga abokan tafiyarsa. A 1995 kwamitin koyarwa na Cocin Ingila ya fitar da rahoto mai irin wannan matsayi. Sai dai tsakanin abin da Stott ya yi da abin da na gani a jana'izar nan akwai tazara. Shi ya yi kokawa da nassi har ya fito da amsar da ta jawo masa baƙin jini. Mai wa'azin yau kuwa sau da yawa gudun ɓata wa mutane rai ne ya rufe masa baki, a ƙasar da kujerun coci suka fi masu zama yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin da ba a koya mana ba. Ikkilisiya ta daɗe tana jayayya kan wannan, kuma manyan masu jayayyar 'yan Afirka ne. Cyprian, bishop na Kartaj wanda aka kashe a 258, shi ya ce ba ceto a wajen ikkilisiya. Augustine na Hippo ya tsananta har ya ce jariran da suka mutu ba baftisma ma ba su kuɓuta ba, ko da yake hukuncinsu ne mafi sauƙi. A ɗaya gefen, Origen na Iskandariya ya yi begen cewa a ƙarshe Allah zai dawo da kowa gare shi, ra'ayin da aka la'anta a ƙarni na shida. Cocin Katolika kanta ta yi doguwar tafiya. A 1442 majalisar Florence ta ce arna da Yahudawa da 'yan bidi'a duk wuta za su, in ba su shigo coci kafin mutuwa ba. A 1964 majalisar Vatican ta biyu ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto ta wurin alherin Allah, har ta ambaci Musulmi da suna a matsayin masu sujada ga Allah ɗaya. Tun kafin nan ma, a 1953, an kori wani fada a Amurka, Leonard Feeney, daga zumuncin coci bayan ya ƙi amsa kiran Roma kan koyarwarsa cewa duk wanda ba Katolika ba ya hallaka. Da yawanmu mun tashi da maƙwabta 'yan Katolika ba mu taɓa sanin cocinsu na koyar da haka ba.

Akwai kuma ayoyin da ban cika jin an yi wa'azi a kansu ba. A Romawa 2 Bulus ya yi maganar al'umman da ba su da Shari'ar Musa amma tana rubuce a zukatansu, lamirinsu zai zarge su ko ya kāre su a ranar shari'a. A Luka 12 Yesu ya bambanta bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi da wanda bai sani ba: dukan da za a yi wa na biyun kaɗan ne. A Matiyu 25, wajen raba tumaki da awaki, kowane ɓangare mamaki ya yi, na dama suna tambayar yaushe suka ciyar da shi, na hagu suna tambayar yaushe suka ƙi shi. Labarin Karniliyus a Ayyukan Manzanni 10 kuwa yana yanka ta gefe biyu. Allah ya ji addu'arsa ya ga sadakarsa tun bai san Yesu ba, amma duk da haka sai da aka aika masa da Bitrus.

Ni ban yarda kowa zai tsira ba. Yesu da bakinsa ya yi maganar wuta da duhu da cizon haƙora, ba zan iya goge su don na zauna cikin mutanen da ba sa son ji ba. In aka ce in zaɓa tsakanin zafin wa'azin gida da shirun nan, na gida zan ɗauka, don aƙalla ya ɗauki mutuwa da nauyinta. Inda na rabu da shi wuri ɗaya ne. Cewa ba mai tsira sai ta wurin Almasihu magana ɗaya ce. Cewa ba mai tsira sai wanda ya ji sunansa ya furta shi wata magana ce dabam, kuma mun haɗe su kamar abu ɗaya ne. Ibrahim da Musa da Dauda ba su ji labarin gicciye ba, ba kuma wanda ke shakkar cewa jinin nan ne ya fanshe su. Za a ce ai su an yi musu alkawari sun gaskata, kakanninmu kuwa ba a yi musu ba. Hujja ce mai ƙarfi, na san kuma Kato da ita zai amsa mini. Za a kuma ce in haka ne me ya sa ake fita bishara? Ana fita don an umarce mu, don kuma a cikin bishara kaɗai aka ba mutum tabbaci. Abin da ya rage a wajenta bege ne, ni ma ban ce ya wuce bege ba.

Na taɓa zama a nazarin Littafi Mai Tsarki inda wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Fasto, mahaifina ya rasu kafin masu bishara su zo wurinmu. Ina yake?" Faston ya ce, "Mama, Littafi ya faɗa, ba ni na faɗa ba," ya karanta mata Yohanna 14:6, ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara magana ba har aka tashi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, abin da aka ba shi a makarantar Baibul ke nan. Da an koya masa Romawa 2 da Luka 12 da irin nauyin da aka koya masa waccan ayar, da an gaya masa cewa Kiristoci masu tsoron Allah sun saɓa a kan wannan tun zamanin Cyprian da Origen, da yana da abin da zai ce mata ba tare da ya yi mata ƙarya ba. Zai iya buɗe mata Farawa 18, inda Ibrahim ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, ya tambayi Allah ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba. Makarantun da ke horar da fastocinmu ne ya kamata su fara sa wannan a darasi, domin ɗalibansu ne za a yi wa tambayar ranar Lahadi.